Daren da aka halarta da daren da aka naɗa: yadda tsofaffin masoya kiɗan rok ke tuna baya

Dattawan Amurka da Ingila da suka yi ƙuruciyarsu tsakanin 1965 da 1980 suna da wata irin hira da ba ta ƙarewa, hirar wasannin kiɗan da suka halarta. Ba sa cewa "na taɓa ganin su wane" su yi shiru. Sai sun kawo rana da wata da shekara, da sunan zauren, da waƙar da aka buɗe da ita, da wadda aka rufe da ita, har da inda mai jita ya yi kuskure a minti na kaza. Wanda bai sani ba sai ya yi mamakin ƙwaƙwalwar mutumin da ya haura saba'in. Amma in aka bi diddigi, yawancin wannan bayani ba daga daren kansa ya fito ba. Daga faifai da kaset da fim ya fito, waɗanda mutumin ya saurara sau ɗari bayan daren ya wuce. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wa ya naɗi waɗannan dararen, me aka gyara a cikinsu, kuma me ya sa aka riƙe wani dare aka manta da na kusa da shi?

Kiɗan da ake magana a kai shi ne na su Beatles, Rolling Stones, The Who, Led Zeppelin, Pink Floyd, Grateful Dead da ire-irensu. A lokacinsu ba wanda ya ɗauke su a matsayin "na da". Gidajen rediyon Amurka ne, a farkon shekarun 1980, suka tattara waƙoƙinsu wuri guda suka mai da su wani aji na musamman, domin su riƙe masu sauraron da suka fara manyanta, waɗanda kuma su ne ke da kuɗin sayen abin da masu talla ke tallatawa.

A fara da abin da kunne ya ji a wurin. Ranar 15 ga Agusta 1965 Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke New York, gaban mutum kusan 55,600. Kamfanin Vox ya haɗa musu na'urorin ƙara sauti masu ƙarfin wat 100, abin da a yau bai ishi ko ƙaramin zaure ba, sannan aka tura muryoyinsu ta lasifikokin da ake sanar da sakamakon wasan ƙwallo. Ihun 'yan mata ya danne komai. Su kansu makaɗan ba sa jin junansu. Wasan bai wuce kimanin rabin awa ba. Da aka zo haɗa fim ɗin wasan, sai aka tarar sautin bai yi ba, don haka a watan Janairun 1966 suka shiga situdiyo a Landan suka sake kaɗa wasu sassa suna kallon hoton bakinsu a allo, wata waƙar ma faifanta na kasuwa aka ɗora a kan hoton. To wanda ya ce yau yana tuna daɗin muryar Beatles a Shea, me yake tunawa? Shekara guda bayan wasan Shea, ranar 29 ga Agusta 1966 a San Francisco, suka yi wasansu na ƙarshe na masu biyan tikiti, kuma rashin jin kansu na cikin dalilan da suka sa suka daina yawo.

Bikin Woodstock ya fi nuna abin a fili. An yi shi daga 15 zuwa 18 ga Agusta 1969 a gonar wani mai kiwon shanu, Max Yasgur, a Bethel ta jihar New York, kuma an ƙiyasta mutum kusan 400,000 suka taru. Hoton da duniya ta riƙe na bikin shi ne Jimi Hendrix yana kaɗa taken Amurka da jita. Amma Hendrix sai da safiyar Litinin ya hau dandamali, lokacin da akasarin jama'a sun riga sun kama hanyar gida, sauran ba su wuce dubbai kaɗan na goma-goma ba cikin taɓo da shara. Mafi yawan waɗanda suka je Woodstock ba su ga Hendrix ba. A fim ɗin 1970 suka gan shi, kamar kowa. Fim ɗin ne kuma ya raba rabo. Santana, wanda faifansa na farko bai ma fito ba a lokacin, ya zama tauraro saboda 'yan mintocin da aka nuna shi. Creedence Clearwater Revival, waɗanda suna cikin mafiya tashe a Amurka a wannan shekara, sun hau ne bayan tsakar dare mutane na barci, jagoransu John Fogerty bai gamsu da wasan ba ya hana a saka shi a fim. Shekaru da yawa mutane da dama ba su ma san sun halarta ba. Grateful Dead su ma ba su shiga ba, don ruwan sama ya jiƙa kaya har lantarki na jan su in sun taɓa jita.

Sai faifan da ake sayarwa a matsayin "kai tsaye daga dandamali". Wannan kasuwa ta bunƙasa a shekarun 1970, domin naɗar wasa ya fi arha a kan watanni a situdiyo, kuma wani lokacin ya fi ciniki. Faifan Peter Frampton na 1976 shi ya fi kowane faifai sayuwa a Amurka a wannan shekara. Sai dai akwai abin da masu sana'ar suka sani, masu saye ba su sani ba: a naɗi na zamani kowace kayan kiɗa tana da layinta daban a kan tef, don haka ana iya goge muryar da ta karkace a rera sabuwa, a gyara jita, a ƙara tafi, a ɗinke rabin waƙa na daren Juma'a da rabin na daren Asabar. 'Yan ƙungiyar Kiss sun amsa da bakinsu daga baya cewa faifansu na 1975, wanda ya ceto su daga karyewa, an yi masa gyara mai yawa. Game da na Thin Lizzy na 1978, Tony Visconti wanda ya haɗa shi ya ce kaso mai tsoka a situdiyo aka sake, 'yan ƙungiyar kuma suka musanta. Har yau masoya na wannan musu, kuma za su iya kwana a kai.

Ni ban ɗauki gyaran nan a matsayin zamba tsagwaronta ba. Wanda ke cikin zaure yana ganin fitilu, yana jin ganga a ƙirjinsa, jama'a na ture shi, kuskuren murya ɗaya bai dame shi ba. Wanda ke zaune a ɗaki da faifai ba shi da komai sai kunne, kuma zai ji kuskuren nan duk lokacin da ya kunna. Mai gyara ƙoƙari yake ya mayar masa da abin da ido da jiki suka ba na cikin zaure. Inda matsalar take shi ne lokacin da faifan ya koma shaida, mutum ya ce "ka ji yadda suke a da, ba kamar na yanzu ba", alhali abin da yake kunnawa ba a taɓa kaɗa shi haka a gaban kowa ba.

Wani lokacin ma ba gyara ba ne, tsautsayi ne ke zaɓar dare. The Who sun naɗi wasa biyu a jere a watan Fabrairun 1970, ɗaya a ɗakin cin abinci na Jami'ar Leeds ranar 14, ɗaya a garin Hull washegari. Da aka saurari tef ɗin Hull sai aka ji sautin jitar bas bai shiga ba a farkonsa, aka ajiye shi gefe. Na Leeds ya fito, ya zama ɗaya daga cikin faifan da aka fi yabo a tarihin wannan kiɗa, har an kafa allon tunawa a ginin. Na Hull sai a 2010 aka fitar da shi, bayan an aro sautin bas daga daren Leeds an toshe giɓin. Shekara arba'in mutanen Hull suna cewa nasu daren bai gaza ba, ba su da abin nunawa.

Bangon wancan faifan na Leeds kwali ne mai ruwan ƙasa, ba hoto, sai hatimi kamar na kanti. Da gangan aka yi haka, don a kwaikwayi wata sabuwar haja da ta fara damun kamfanoni a lokacin, wato faifan bayan fage. Wannan ya bambanta da satar fasaha ta kwafar abin da ke kasuwa. Shi abin da kamfani bai fitar ba ne kwata-kwata: wasan da wani ya naɗa a ɓoye, ko tef ɗin gwaji da ya zurare daga situdiyo. Na farko da ya yi suna ya fito a Los Angeles a watan Yulin 1969, faifai biyu na waƙoƙin Bob Dylan a cikin farar jaka ba suna. A Disambar wannan shekara wani ya biyo baya, na wasan Rolling Stones a Oakland ranar 9 ga Nuwamba, wanda aka ɗauka daga cikin 'yan kallo da rikoda da dogon makirufo. Ya yi kyau har mujallar Rolling Stone ta yi masa sharhi kamar halastaccen faifai, kuma ana ganin shi ya ingiza ƙungiyar ta fitar da nata a 1970. Doka ma a lokacin ba ta da haƙora: sai daga 15 ga Fabrairu 1972 dokar tarayyar Amurka ta fara kare haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa, kuma sai a 1994 aka yi dokar tarayya da ta haramta cinikin wasan da aka naɗa ba izini.

Faifan bayan fage yana da nasa ƙaryar, sai dai ta wani fanni. Ba a gyara sautinsa, amma sau da yawa rubutun da ke jikinsa ba daidai ba ne. Shahararren misali shi ne daren da wani daga cikin jama'a ya yi wa Dylan ihu ya kira shi Yahuza, sunan da Kiristoci ke ba maci amana, saboda ya ajiye jitar gargajiya ya ɗauki ta lantarki. Shekaru masu yawa faifan na yawo da sunan zauren Royal Albert da ke Landan. Ashe a Manchester aka yi, ranar 17 ga Mayu 1966. Da kamfanin Dylan ya fitar da shi a hukumance a 1998 sai ya bar sunan Landan ɗin a jiki cikin alamar zance, don da shi masu saye suka san shi. Kuma mutum fiye da ɗaya ya fito daga baya ya ce shi ne ya yi ihun.

Ƙungiyoyi sun kasu kan yadda za su yi da masu naɗi. Manajan Led Zeppelin, Peter Grant, ƙato ne tsohon ɗan kokawa, an san shi da shiga shaguna yana ƙwace faifan bayan fage, da sa a lalata rikodar duk wanda aka kama. Duk da haka wani matashi a Los Angeles, Mike Millard, ya riƙa shiga wasanninsu a keken guragu alhali lafiyarsa ƙalau, da rikodar Nakamichi ɓoye a ƙarƙashin mazauninsa. Naɗin da ya yi ranar 21 ga Yuni 1977 na cikin waɗanda masoya suka fi daraja, har Jimmy Page, mai jitar ƙungiyar, ya yi amfani da wani yanki nasa a bidiyon da suka fitar a hukumance a 2003. Abin da manajansu ya yaƙa, shi ne daga baya ya zama musu ma'ajiya.

Grateful Dead suka bi wata hanya daban, kuma a wurinsu ne batun ya fi zurfi. Daga 1965 zuwa rasuwar jagoransu Jerry Garcia a 1995 sun yi wasa kusan 2,300, kuma mafi yawansu akwai naɗinsu. Dalili na farko shi ne ba sa maimaita dare. Jerin waƙoƙin yau ba shi ne na gobe ba, waƙar da ta ɗauki minti bakwai a wannan gari tana iya ɗaukar ashirin a gari na gaba. Wanda ya san yadda masu tara kaset ɗin marigayi Mamman Shata ke bambance waƙa ɗaya da wurin da aka yi ta da wanda aka yi wa, zai gane abin nan take: faifan kasuwa ba ya wadatar da mai son irin wannan mawaƙi. Dalili na biyu shi ne ra'ayin Garcia, wanda ya sha faɗin cewa in sun gama kaɗa abu sun gama da shi, jama'a su ɗauka. Tun farko injiniyansu Owsley Stanley yana naɗar wasanninsu don su saurari kansu, 'yan kallo kuma na shigo da nasu rikodojin. Da sandunan makirufo suka yi yawa har suna tare wa mai kula da sauti gani, a watan Oktoban 1984 sai ƙungiyar ta ware musu wuri na musamman a bayan teburin sauti, wato na'urar da injiniya ke haɗa sautin dukan kayan kiɗa a kai, da tikitinsu daban.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ba sayarwa. Daga nan wata irin musaya ta kafu. Mai kaset yana rubuta jerin abin da ya mallaka, ya aika wa wani ta gidan waya, su yi ba-ni-in-ba-ka. Sabon shiga da ba shi da komai sai ya aika da kaset marar komai da kuɗin kan sarki, a kwafa masa kyauta. Da yake kowace kwafa tana rage ingancin sauti ta ƙara shuu, sai darajar kaset ta koma kan nisansa da asali, ana lissafa shi kamar nasaba, wannan ɗa ne, wancan jika, wancan tattaɓa-kunne. Kamfanonin faifai sun ɗauka hauka ne ka bar mutane su ɗauki hajarka kyauta. Amma ƙungiyar da waƙarta ɗaya tak ta taɓa shiga sahun goma na farko a Amurka, a 1987, ta zama cikin waɗanda suka fi kowa samun kuɗin tikiti a farkon shekarun 1990. Kaset ɗin ne ya yi musu talla, domin duk wanda ya ji dare ɗaya ya san na gobe daban ne.

A nan ne za a ga yadda naɗi ke naɗa sarauta. In ka tambayi masoyansu wane dare ya fi, amsar da ta fi yawa ita ce 8 ga Mayu 1977, a zauren Barton na Jami'ar Cornell. Wasan ya yi kyau, ba musu. Amma daren 7 a Boston da daren 9 a Buffalo su ma sun yi, kuma akwai masana da yawa da suka fi son su. Abin da ya ɗaga Cornell shi ne Betty Cantor-Jackson, injiniyar da ta naɗe shi kai tsaye daga teburin sauti da ƙwarewa ta musamman. Daga baya ta shiga matsin kuɗi, ta kasa biyan hayar rumbun da ta ajiye kayanta, aka yi gwanjonsu a 1986. Tef-tef ɗinta suka faɗa hannun mutane, wasu suka kwafa suka watsa, a daidai lokacin da dubban sababbin masoya ke shigowa saboda waƙar nan ta 1987. Kaset ɗin Cornell mai tsabtar sauti shi ne aka fi miƙa wa sabon shiga, don haka shi ne dare na farko da dubbai suka ji da kyau, kuma abin da mutum ya fara ji shi yake auna sauran da shi. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka naɗin cikin jerin sautukan tarihi na ƙasa, alhali a lokacin ƙungiyar ba ta ma taɓa fitar da shi a kasuwa ba. Sai a 2017, bayan an dawo mata da tef ɗin asali, ta fitar.

Intanet ta zo ta gwada wannan zumunci. Masoya suka ɗora dubban wasanni a rumbun Internet Archive, kowa na saukewa kyauta, ba raguwar inganci, ba jiran gidan waya. Amma a lokacin Garcia ya rasu, ƙungiyar ba ta yawo kamar da, kuma tsofaffin tef ɗin sun zama hanyar samun kuɗinta. Tun farkon shekarun 1990 take fitar da su ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamban 2005 ɓangaren ƙungiyar ya nemi a cire naɗe-naɗen daga rumbun. Masoya suka tayar da ƙura, har mai bas ɗin ƙungiyar, Phil Lesh, ya fito ya ce ba a yi shawara da shi ba. Cikin 'yan kwanaki aka sasanta: abin da ɗan kallo ya naɗa da makirufonsa a ci gaba da saukewa, abin da ya fito daga teburin sauti kuma a saurara kawai ba saukewa. Rabon ya yi ma'ana fiye da yadda aka ɗauka a lokacin, don ya bambance aikin wa ke cikin kowane tef.

Duk wannan bai nufin kewar da dattawan ke yi ba ta da tushe. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fuskanta daga shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama masa a rai, kuma waƙa na kan gaba. Sannan akwai abin da ya canja da gaske, wato kuɗi. Tikitin kwana uku na Woodstock dala 18 ne ga wanda ya saya da wuri, daga ƙarshe ma shinge ya faɗi aka shiga kyauta. A 1994 Eagles suka ƙetare dala 100 a tikiti ɗaya aka yi ta surutu. A 2022 wasu kujerun wasan Bruce Springsteen sun kai dubban daloli saboda tsarin da farashi ke hawa da yawan masu nema. A da ana yawon wasa ne don a tallata faifai. Yanzu da faifai ba ya kawo kuɗi, wasan ne kasuwar. Da Led Zeppelin suka haɗu na dare ɗaya a Landan ranar 10 ga Disamba 2007, buƙatun tikiti sun kai miliyan 20 a zauren da bai kai mutum 20,000 ba sosai.

Abin da hirar ke yawan tsallakewa shi ne ɗaya fuskar wancan zamani. Wata huɗu bayan Woodstock, ranar 6 ga Disamba 1969 a Altamont, 'yan babur ɗin da aka ba gadi suka daɓa wa wani matashi wuƙa har lahira a gaban dandamalin Rolling Stones. Ranar 3 ga Disamba 1979 mutum 11 suka mutu a turmutsutsun ƙofar wasan The Who a Cincinnati, saboda tikitin ba shi da lambar kujera, kowa na rige-rigen gaba. Kujeru masu lamba da shingaye da masu gadin da tsofaffi ke ƙorafin sun kashe armashi, daga irin waɗannan darare suka samo asali.

Yau kowane ɗan kallo da rikoda a aljihunsa, wasa ɗaya na iya samun naɗi dubu kafin a watse, kuma ƙarancin da ya sa kaset ɗaya ya zama abin nema na shekaru ya tafi. Kamfanoni kuwa sun gane darajar abin da suka yaƙa: Dylan, wanda da shi aka buɗe kasuwar bayan fage, tun 1991 kamfaninsa ke fitar da jerin faifai da wannan sunan a hukumance. A wasanninsa na 'yan shekarun nan kuma ana sa kowa ya kulle wayarsa a wata 'yar jaka kafin ya shiga zaure. Duk da haka naɗin dararen na ci gaba da bayyana a intanet, daga hannun masu ƙananan rikodoji da har yanzu ke shiga da su a ɓoye, wasunsu sa'o'in mawaƙin ne.